Kwalba Cikin Garwar Shinkafa

Asabar, 21 ga Janairu

Gobe sabuwar shekararmu ta gargajiya, wadda ake lissafawa da wata. Tun safe nake tsaye, ƙafar nan kamar ba tawa ba. Na wanke gida, na goge teburin tunawa da mamatanmu, na canza wa hoton Ma, mahaifiyarmu, da na babban wanmu Yaya Sang fure, na jera musu lemo da gwanda. Dunƙulen shinkafa goma sha biyu na naɗe a ganyen ayaba, ni kaɗai, tunda 'yata Quyen ta ce aiki ba zai sake ta daga Houston ba sai jibi. To, ai aikin ne ya haife ta.

Loc, autanmu, yana bakin ƙofa yana ɗinkin raga, ko tsintsiya bai taya ni ɗagawa ba. Shekara hamsin da ɗaya, har yau auta yake ji da kansa.

Na ɗauke kwalbar maganinsa daga kan tebur na tura ta can cikin garwar shinkafa. Ba a shan magani a kwanakin farko na shekara, ko yaro ya sani. In ka sha, ka gayyato ciwo ke nan ya zauna maka har shekara ta zagayo. Shekara shida ina zuba ido yana haɗiyar ƙwayar nan a gaban hoton Ma da safiyar sabuwar shekara, shekara shida kuma bai rabu da hanyar asibiti ba. Bana na ce a gwada hanyar iyayenmu. Kwana uku kacal.

Ya leƙo kicin ya ce, "Yaya, ina kwalbata?" Na ce ta tafi hutu, kai ma ka huta. Ya bushe da dariya, wai 'yar sandan gidan nan ta fara kame tun shekara ba ta shigo ba. Bai sake tambaya ba.

Lahadi, 22 ga Janairu

Lafiya lau aka shiga shekara. Mun je ɗakin ibada, mun kunna turare, mun dawo mun ci mun yi nak. Loc ya ci dunƙule biyu da naman alade, a kwanonsa mai shuɗin baki da tsinkayen cin abincinsa na daban, kamar kullum. Babu ƙwaya. Raina fes.

Laraba, 25 ga Janairu

Na tono kwalbar na kaɗe mata shinkafa na ajiye masa. Alƙawari na cika, kada wani ya ce ban mayar ba.

Ya jujjuya ta a hannu ya ce, "Kwana uku ban sha ba, ga ni garau. Anya matar nan ba sabo kawai ta ɗora mini ba?" Matar nan ita ce Likita Ladner. Ita ta gano masa ciwon hanta, nau'in B, ta ce hantar ta riga ta ƙeƙashe da tabo, ƙwaya ɗaya kullum har ƙarshen rai, hoton ciki kuma duk wata shida don kada daji ya tsiro ba a sani ba. Amma a Disamba ita da bakinta ta ce ba a ganin ƙwayar cutar a jininsa. To abin da ba a gani, me ake kashewa?

Quyen tana jin mu ta aje cokali. "Kawu Auta, ba a gani ne saboda kana sha. Don Allah kada ka yi wasa da wannan." Ya ce mata to, Likita Quyen, ya jefa ɗaya a baki don ta gani. Sai ta juyo kaina, wai yaushe zan je a ɗebi nawa jinin. Na ce ni lafiyata ƙalau, shekara shida na ware masa kwano da kofi, ta ina zan ɗauka? Ta ce ba ta kwano ake ɗauka ba, Mama, sau nawa zan faɗa. Na ce ta faɗa sau dubu, ba a koya mini zaman gidana.

Maganin Turawa zafi gare shi. Ban faɗa a gabanta ba, amma haka ne.

Litinin, 6 ga Fabrairu

Takarda ta zo daga asibiti, hoton cikin Loc ranar Alhamis. A cikin watan farko na shekararmu! Wa ke taka asibiti da ƙafarsa a watan farko na shekara in ba ɗaukarsa aka yi ba? Na buga musu waya da kaina da ɗan turancin da nake da shi. Yarinyar da ta ɗauka ta ce sai tsakiyar Afrilu ake da wuri. Na ce ya yi, na gode.

Loc na gaya masa su ne suka ɗaga. Quyen ban gaya mata komai ba.

Tsohuwa Sau maƙwabciyarmu ta ce na yi daidai, ta kawo mini ƙullin ganyen sanyaya hanta. Yana sha da safe yana yatsina fuska, wai ruwan wankin raga ya fi shi daɗi.

Talata, 18 ga Afrilu

Yau ce ranar hoton, shi kuma yana teku tun Juma'a. Jatan lande ya fito, duk jiragen kamun kifi na garinmu Biloxi sun watse, ba zai zauna a tudu saboda hoto ba. Sati uku zai yi. Ni ma a wurin aiki ko ɗaga kai ba ma yi, yatsuna duk sun tsage da cire kawunan jatan lande. Za a sake sa wata rana.

Juma'a, 19 ga Mayu

Ina wanke masa kayan teku na zazzage jaka, sai ga kwalbar ta faɗo. Ta Janairu ce. A cike, in ban da 'yan kaɗan. Na buɗe durowarsa, ga wata ko murfin ba a ɓalle ba.

Na fita da su na same shi a tsakar gida. Na ce, kai kan kwakwa, kwana uku na ce, ba wata huɗu ba! Ya ce, "Yaya, ke kika buɗe ƙofa, ni kuma na ga hanya na miƙe." Yana dariya. Ya ce bai taɓa jin ƙarfi irin na bana ba. Na zage shi tas, amma ban tsaya a kansa sai ya sha ba. Abin da zan rubuta ke nan: ban tsaya ba. Wani ɓangare na zuciyata ma daɗi ya ji, wai ga shi hanyarmu ta yi aiki.

Ya bar rabin abincinsa. Zafi ne, in ji shi.

Alhamis, 8 ga Yuni

Loc ya sake fita teku, kwana biyar da fita suka juyo da jirgin. Abokan aikinsa ne suka riƙo shi har ƙofa. Idonsa rawaya shar, fitsari kamar shayi, yana kirana da sunan Ma. Ya tambaye ni ko an loda ƙanƙara a jirgi, alhali muna tsakiyar falo.

Na san wannan idon. Shi na gani a fuskar Ma a sansanin gudun hijira, ina da shekara goma sha huɗu, muka ce ruwan wurin ne. Shi na gani a fuskar Yaya Sang, muka ce giya ce.

An kwantar da shi. Quyen tana hanya.

Litinin, 12 ga Yuni

Likita Ladner ta kira mu wani ƙaramin ɗaki, ni da Quyen. Quyen ce ke fassara, ni kuma ina kallon bakin matar don kada a rage mini komai.

Ta ce da ya daina shan maganin, cutar ta farka gaba ɗaya ta afka wa hantar, hantar da dama da ƙyar take tsaye. Sun mayar da shi kan maganin. Sannan ta juyo mana da allo ta nuna wani abu fari-fari. Ƙari ne. Daji. Ya kai girman lemon tsami babba, ya kuma fara shiga jijiyar jini.

Na ce Quyen ta tambaye ta, daina shan maganin ne ya kawo shi?  Matar ta ce ba za ta iya rantsewa ba. Maganin yana rage haɗarin sosai, amma ba ya kawar da shi, shi ya sa ake hoton. A hoton Agustan bara babu komai. Da an yi na Fabrairu, mai yiwuwa da an same shi yana ɗan mitsitsi, a ƙone shi da allura ya koma gida washegari. Yanzu ba a yanka, hantar ba za ta ɗauka ba. Dashen wata hantar ma ya wuce, tunda ya taɓa jijiya.

Ta buɗe fayil ta ce an rubuta cewa iyali ne suka nemi a ɗaga ranar. Quyen ta fassara rabi ta tsaya. Ta kalle ni. Ni kuma na kalli takalmina.

Da za mu fita matar ta riƙe mini hannu ta ce wani abu. Quyen ta ce, "Wai yawanci daga uwa ake samu, wurin haihuwa. Wai ke ma ya kamata a duba ki." Na zare hannuna. Wato Ma ce za a ɗora wa, matar da ta goyo mu a jirgin kamun kifi kwana tara ba ruwan kirki.

Laraba, 14 ga Yuni

Ban ci ba. Ban kunna turare ba. Me zan ce wa su Ma?

Asabar, 1 ga Yuli

Ya dawo hayyacinsa, an sallamo shi. Na hana kowa ya gaya masa maganar ƙarin, haka ake yi, mara lafiya ba a kashe masa zuciya. Quyen ta ce a nan ƙasar likita ta riga ta gaya masa da kanta, tun ranar da ya farfaɗo. Kowa ya san komai, ni kaɗai nake ta rufe tukunyar da ba murfi.

Mun yi da ita a mota. Ta ce, "Mama, ranar hoton fa? Ke ce?" Na ce ni ce, sai me, ki kai ni kotu. Ta ce ba ta ce komai ba. Na ce gara ki ce. Ta kifa kai a sitiyari ta yi ta kuka, ni ko ɗigo. Ita an yi mata allurar rigakafi ranar da na haife ta a nan, ta gwada tuni ba ta da shi. Wannan kaɗai ne abin da ban ɓata ba, shi ma ba ni na yi ba, ma'aikatan asibiti ne suka yi ba su tambaye ni ba.

Ba ta gaya wa Loc ba. Ta ce ni ya kamata in gaya masa.

Talata, 25 ga Yuli

An zuƙe masa ruwa daga ciki, galan guda da wani abu. Cikin sati biyu yake sake cika. Yana shan ƙwayar kullum yanzu, ƙarfe bakwai daidai, ba mai tuna masa. Amfanin me? Likita ta ce tana riƙe masa abin da ya rage na hantar. Abin da ya rage ɗin nawa yake?

Tsohuwa Sau ta kawo wani sabon ganye. Na karɓa na gode, na zuba a shara bayan ta fita. Ban san dalili ba.

Lahadi, 20 ga Agusta

Ya ce in kai shi bakin tashar jirage ya ga teku. Na kai shi da yamma, na shimfiɗa masa tawul a benci don ƙasusuwan sun fito. Hannayen da ke jan raga sun koma kamar na tsohuwa, ciki kuwa tulu. Ya yi ta nuna mini jirage yana zagin masu su, wannan bai iya ɗaure igiya ba, wancan matarsa ce kyaftin.

Na faɗa masa. Ban shirya ba, fitowa kawai ta yi. Na ce ba asibiti ne suka ɗaga hoton ba, ni ce, na yi maka ƙarya. Ni na ɓoye kwalba, ni na ɗaga rana, ni na kashe ka, Auta.

Ya juya ya kalli ruwa. Sai ya ce, "Cikin garwar shinkafa, ko? Inda Ma ke ɓoye zobenta. Yaya, tun ina ɗan shekara biyar na san wurin nan. Da ina so da na tono." Ya ce takardar Afrilu ma ya gani, ya fi son teku. Ya ce ya gaji ne. Duk safiya ƙwayar nan tana gaishe shi da cewa kai mara lafiya ne, ga kwano daban, ga kofi daban, ko mata ya daina nema don kada a ce ya kawo wa gidan mutane ciwo. Da ya samu kwana uku babu ita sai ya ji kamar mutum.

Na ce kwanon ma ni ce. Ya ce, "Kwanon kam ke ce, wannan ba zan taya ki ɗauka ba." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

A mota ya ce yana da roƙo ɗaya. In je a ɗebi jinina. Na ce in an gano kuma fa, in zama kamar kai? Ya ce, "A'a. Ki zama kamar ni na shekara shidan farko." Na kunna rediyo.

Da muka dawo na zuba mana abinci a kwano ɗaya. Loma uku ya yi.

Talata, 12 ga Satumba

Na je. Don ya daina damuna ne kawai. Kwalba huɗu suka cika, kamar masu shirin miya.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Ina da shi. Tun haihuwa, in ji likita, shekara hamsin da bakwai ina yawo da shi ina ware wa wani kwano. Hantata ma ta fara tabo, ba ta kai tasa ba, hoto bai nuna ƙari ba. Tukuna. Kalmar da Quyen ta zaɓa ke nan ta waya, tukuna.

Likita Ladner ta ba ni irin ƙwayarsa sak. Ta ɗaga yatsa ta ce in na fara babu tsayawa, ko kwana ɗaya, ko biki ko mutuwa. Ta san da wa take magana.

Loc ya ji daɗi kamar an ba shi sabon jirgi. Daga kan gado yake ƙwala mini kira ƙarfe bakwai, "Yaya, fito da kwalba, yau ni ne ɗan sanda!" Muna haɗiya tare, sai na buɗe baki ya duba. Ɗan banza. Ma, Yaya Sang, shi, ni. Layi ne muke bi, ƙwaya ba ta fitar da mutum daga layi, sai dai ta matsar da shi baya kaɗan. Na faɗa masa haka, ya ce to ki matsa, wa ya ce ki yi sauri.

Litinin, 30 ga Oktoba

Loc ya tafi yau da hantsi. Da safe ya tambaya ko na sha.

Lahadi, 17 ga Disamba

An yi addu'ar kwana arba'in da tara. Hotonsa, wanda ya ɗauka a jirgi da hularsa mai datti, ya hau tebur kusa da na Yaya Sang. Quyen ta ce in koma Houston. In je in yi me, in zauna ina kallon bango? Ina shan ƙwayar don na yi masa alƙawari, ba don na ga abin da za ta tsinana ba. Ƙarfe bakwai gidan nan shiru kamar an kwashe kaya.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Gobe sabuwar shekara. Dunƙule huɗu kawai na naɗe, su ma sun yi yawa. Muna cikin makoki, ba za mu shiga gidan kowa ba.

Takardar hotona ta zo, ashirin ga wata, cikin watan farko na shekararmu. Na ajiye ta kusa da waya. Ban buga in ɗaga ranar ba, ban kuma ce ba zan buga ba.

Tsohuwa Sau ta leƙo ta katanga ta ce, "Dieu, kin dai ɗauke magunguna daga ido ko? Ke da kika ga shekara irin wannan, kada ki sake gayyato wata." Na ce na ji, Inna. Ba ta da mugun nufi, shekararta tamanin da biyu tana bin wannan hanya ga ta daram. Ma ma haka ta koya mana, kuma Ma ba wawiya ba ce.

Na tura kwalbar cikin garwar shinkafa. Kwana ɗaya dai. Ɗaya.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Na tashi na kunna turare, na gaishe su su uku. Na je ɗibar shinkafa in ɗora musu ta safe, hannuna ya ci karo da ita. Ba nemanta na yi ba. Ban tura ta da nisa ba ne jiya, ƙila hannun ya gaji.

Agogo ya ce bakwai saura biyu. Na tsaya da ita a hannu kamar wata sakarya. Ba wanda ya kira ni.

Ruwa na zuba a kwanon nan mai shuɗin baki, shi ne a kusa. A gaban tebur na sha, don kada a ce na yi a ɓoye. Ban kalli Ma ba. Shi na kalla, da hularsa mai datti, na buɗe baki ya duba.

Ban ce na daina yarda da komai ba. Takardar tana nan kusa da waya, ashirin ga wata, ƙarfe tara. Sai na nemi wanda zai riƙe mini aiki ranar.